Tabon Ambaliya a Gindin Teku

A shekarun 1960 da 1970, injiniyoyin Ingila da Faransa sun duƙufa wajen neman hanyar da za a haƙa ramin jirgin ƙasa ta ƙarƙashin tekun da ya raba ƙasashen biyu. Abin da suke fata shi ne su tarar da dutsen alli guda a shimfiɗe tun daga gaɓar Dover har gaɓar Calais, domin alli yana da daɗin haƙa. Sai na'urorinsu suka nuna wasu manyan ramuka a tsakiyar mashigin, an cike su da yashi da tsakuwa. Zurfin wasunsu ya haura mita 100, faɗinsu kuwa sai a ƙirga shi da kilomita. Ba a haƙa hanya cikin yashi mai zubewa, don haka aka karkatar da layin ya kauce musu. An raɗa musu suna Fosses Dangeard, don girmama wani masanin duwatsu Bafaranshe, Louis Dangeard, kuma a 1994 aka buɗe ramin jirgin.

Injiniyoyi sun gama nasu, amma sun bar wa masana tambaya: me ya haƙa irin waɗannan ramuka a cikin dutse, a wurin da babu kogi kuma babu tsauni? Amsar ta ɗauki kusan rabin ƙarni kafin ta zauna, kuma ta zama babi guda na wani dogon labari. Labarin tafkunan da ƙanƙara ta tare ne, waɗanda suka shafe ɗaruruwa ko dubban shekaru suna cika, sannan suka ɓalle cikin 'yan kwanaki ko watanni. Mafi yawan shaidar abin da suka yi tana kwance a gindin teku, kuma sai da ɗan Adam ya koyi gani da sauti kafin ya iya karanta ta.

Yadda ƙanƙara ke zama madatsa

A cikin shekaru miliyan biyu da rabi da suka wuce, duniya ta yi ta shiga zamanin sanyi tana fita. A kowane zagaye, dusar ƙanƙara takan taru a arewacin Turai da arewacin Amurka, shekara bisa shekara, har ta dunƙule ta zama shimfiɗa mai kaurin kilomita biyu zuwa uku. A ƙololuwar zagayen ƙarshe, kimanin shekaru 21,000 da suka wuce, ruwan da ya daskare a kan tudu ya yi yawan da teku ta ja baya da kusan mita 120. Wurare da dama da jiragen ruwa ke bi a yau busasshiyar ƙasa ce a lokacin.

Shimfiɗar ƙanƙara takan tare hanyar koguna, musamman masu gangarawa arewa. Nauyinta kuma yakan danne ƙasa, ya bar kwari a gefenta. Idan zafi ya fara dawowa, ruwan narkewa sai ya taru a wannan kwarin, tudu a baya, bangon ƙanƙara a gaba. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai dai ƙanƙara madatsa ce marar amana, saboda ba ta kai ruwa nauyi ba. Da zarar zurfin tafkin ya kai kusan kashi tara cikin goma na kaurin bangon, ruwan yakan ɗaga shi, ya sami kafa ta ƙasa. Gudun ruwan cikin kafar yana haifar da ɗumi, ɗumin yana narkar da gefenta, kafar tana ƙara faɗi, ruwan yana ƙara gudu. A wasu wuraren kuma tafkin yakan tumbatsa ta kan wani tudu, ya cinye shi tun daga baki. Ko ta wace hanya, ƙarshen iri ɗaya ne.

Mutumin da aka ƙi saurara

Masana duwatsu sun daɗe ba su yarda da irin wannan ba, kuma suna da dalilinsu. Tun daga littafin Charles Lyell na 1830, ginshiƙin iliminsu shi ne cewa abubuwan da muke gani a kullum, ruwan sama da iska da zaizayar ƙasa, su ne suka sassaƙa fuskar duniya sannu a hankali. Wannan ƙa'ida ta yi musu amfani ƙwarai, domin ta hana kowa ya ƙirƙiro bala'i duk lokacin da ya rasa bayani. Amma da tafiya ta yi nisa, sai ta zama takunkumi.

A 1923, J Harlen Bretz na Jami'ar Shikago ya wallafa sakamakon yawon da ya yi a ƙafa a gabashin jihar Washinton ta Amurka. Ya ga kwazazzabai busassu da aka yanka cikin baƙin dutse, da tsibin tsakuwa masu tsawon bene, da wani gangare da ake kira Dry Falls, mai tsawon kusan mita 120 da faɗin fiye da kilomita biyar, wanda duk siffarsa ta magangarar ruwa ce amma babu ko ɗigo. Ya ce ambaliya ce ta yi wannan aiki, kuma cikin ɗan lokaci. A watan Janairun 1927 aka gayyace shi taron masana a babban birnin ƙasar, manyan fannin suka yi masa ca. Babbar hujjarsu ita ce ya kasa nuna inda ruwan ya fito.

Wani masani mai suna Joseph Pardee ya san inda ya fito. Tun 1910 ya bayyana alamun wani tsohon tafki, Missoula, a tsaunukan jihar Montana. A 1942 ya wallafa shaidar cewa tafkin ya zube ne farat ɗaya: a tsohon gindinsa akwai kunyoyin tsakuwa irin waɗanda ruwa mai gudu ke bari a kan yashi, amma wasunsu sun fi gida tsawo. Tafkin ya ƙunshi ruwa fiye da kubik kilomita 2,000, zurfinsa a bakin bangon ƙanƙarar ya kai kusan mita 600. Daga baya Richard Waitt ya nuna cewa ya cika ya ɓalle aƙalla sau arba'in. A 1979 aka ba Bretz lambar Penrose, mafi girman lambar ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka. 

Gani da amsa-kuwwa

Ruwan Missoula bai tsaya a kan tudu ba. Ya bi kogin Columbia ya faɗa tekun Pasifik, ɗauke da ƙasar da ya kankare. Ina ta tafi?

Haske ba ya nisa a cikin ruwa, amma sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda. Jirgin bincike yakan aika sauti ƙasa, ya auna lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka kafin ta dawo, daga nan ya san zurfin. Na'urorin zamani suna aika ɗaruruwan irin wannan a lokaci guda, a baje kamar mafici, ta yadda jirgin zai zana taswirar gindin teku yana tafe. Sauti mai kauri kuma yana ratsa laka, ya nuna abin da ke binne. Daga ƙarshe a soka dogon bututu a ciro lakar kanta, a karanta ta hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama.

A 1996, jirgin haƙa na bincike mai suna JOIDES Resolution ya soka bututunsa a wani kwari mai zurfi da ake kira Escanaba, a tekun da ke yamma da arewacin Kaliforniya. An ciro hawa-hawan yashi masu kaurin gaske, kuma nau'in ma'adinan da ke ciki ya nuna daga yankin kogin Columbia suka fito. Ruwa mai ɗauke da yashi ya fi ruwan teku nauyi, don haka ambaliyar ta nutse, ta ci gaba da gudu a gindin teku kamar kogi a cikin kogi, har ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu. A kan tudu, kowace ambaliya takan goge sawun wadda ta gabace ta. A gindin teku kuwa, kowace takan kwanta a kan 'yar'uwarta.

Ranar da Birtaniya ta fara zama tsibiri

Mu koma ga ramukan mashigin Dover. Duk wanda ya ga farin dutsen gaɓar Ingila da na gaɓar Faransa da ke fuskantarsa, tsakaninsu kilomita 33 kacal, zai gane cewa abu ɗaya ne aka yanka biyu. Da can wani dogon tudun alli ne ya haɗa su. Ko a zamunan zafi, lokacin da teku ta cika, tudun yana nan a matsayin gada. Ta irin wannan haɗi mutanen farko suka isa Birtaniya: a 2013 an gano sawun ƙafafunsu a gaɓar Happisburgh, masu shekaru fiye da 800,000.

Kimanin shekaru 450,000 da suka wuce aka shiga ɗaya daga cikin mafi tsananin zamunan sanyi. Ƙanƙarar Birtaniya da ta yankin Sikandinebiya suka haɗe, suka toshe Tekun Arewa. Kogunan Rhine da Thames da Meuse, waɗanda a da suke zubewa arewa, suka rasa mafita. Wani babban tafki ya taru, ƙanƙara ta tare shi ta arewa, tudun alli ta kudu.

A 1985, Alec Smith na Kwalejin Bedford da ke Landan ya ce wannan tafki ne ya tumbatsa ta kan tudun, ramukan kuwa gurbin da ruwa ya haƙa ne a gindin magangara. Taswirorin zamaninsa ba su isa su tabbatar da maganar ba, sai aka ajiye ta gefe. A 2007, Sanjeev Gupta da Jenny Collier na Kwalejin Imperial, tare da abokan aikinsu, suka haɗa ma'aunan zurfi da hukumar taswirar teku ta Birtaniya ta shafe shekara 24 tana tarawa domin tsaron jirage. Hoton da ya fito ya nuna wani kwari mai faɗin kilomita da dama da aka yanka cikin dutse. A cikinsa akwai tsibirai masu siffar ɗigon hawaye, kansu mai faɗi yana duban inda ruwa ya fito, jelarsu tana bin inda ya nufa. Irinsu ne Bretz ya zana a Washinton. Masu binciken sun ƙiyasta cewa a ganiyar ambaliyar, ruwan da ke wucewa ya kai tsakanin kubik mita 200,000 da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Ƙaramin adadin ya yi daidai da kogin Amazon. Kogin Kwara, a matsakaicin lissafi, bai kai dubu goma ba.

A 2017 suka dawo da sabon bincike, wannan karon tare da masana daga Beljiyam da Faransa. Sun nuna cewa ramukan suna jere a layi ɗaya, daidai inda gindin tudun yake a da, mafi zurfinsu ya kai kusan mita 140. Ma'ana, ruwan ya riƙa faɗowa daga tsawon kusan mita 100 a wurare da dama, yana haƙa ƙasa yana cin tudun ta baya har ya karye. Sun kuma gano cewa aikin bai kammala a karo ɗaya ba. Wata ambaliya ta biyu, wadda suka ɗora a wajen shekaru 160,000 da suka wuce, ita ce ta yanka kwarin Lobourg ta buɗe mashigin gaba ɗaya. Waɗannan shekaru ƙiyasi ne, kuma masu binciken sun ce tabbatar da su yana jiran a haƙa cikin ramukan, aiki mai wuya a hanyar da ɗaruruwan jirage ke bi kullum.

Daga nan tsarin Turai ya sauya. A lokutan sanyi, Rhine da Thames sun koma bin sabuwar kafar zuwa kudu, suka haɗu da Seine suka zama ƙaton kogi guda mai zubewa a Atlantika. A lokutan zafi kuma teku takan cika mashigin, ta yanke Birtaniya. Masu binciken kufai sun lura cewa daga wajen shekaru 180,000 zuwa 60,000 da suka wuce, kusan babu alamar mutum a ƙasar. Duk tarihin da aka gina daga baya a kan zaman Ingila tsibiri, da jiragen yaƙinta da kasuwancinta da mulkin mallakar da ya iso har ƙasashenmu, yana tsaye ne a kan wani tudun alli da ruwa ya karya.

Tafkin da ya taɓa damina

Mafi girman waɗannan tafkuna ya taru ne a tsakiyar Kanada, lokacin da ƙanƙarar ƙarshe ke ja da baya. Ana kiransa Agassiz, da sunan Louis Agassiz, masanin Suwizalan da ya yaɗa batun zamanin ƙanƙara tun 1837. A ƙarshen rayuwarsa ya haɗe da wani tafkin, Ojibway, faɗinsu ya kai kimanin murabba'in kilomita 840,000, wato saura kaɗan ya kai girman Najeriya. Ruwan da ke ciki an ƙiyasta shi da kubik kilomita 160,000 da 'yan kai. Abin da ya tsare shi daga teku shi ne ragowar ƙanƙarar da ke zaune a kan gulbin Hudson.

A 1999, Donald Barber da abokan aikinsa suka auna shekarun lakar gindin teku a mashigin Hudson, suka ce tafkin ya zube kimanin shekaru 8,470 da suka wuce. A wannan mashigi akwai wani jan hawa na laka da ake samu a bututu bayan bututu, a tsawon ɗaruruwan kilomita, wanda ruwan ya kwaso daga jar ƙasar yankin. A 2008, Patrick Lajeunesse da Guillaume St-Onge suka wallafa taswirar gindin gulbin. Ta nuna filayen kunyoyin yashi, da kwaruruka, da wasu dogayen karce masu lanƙwasa kamar baka, waɗanda gindin manyan curin ƙanƙara ya yi lokacin da ruwa ya fizge su. Daga yadda alamun suka bazu, suka yanke cewa ruwan ya ɗaga ƙanƙarar ne ya bi ta ƙarƙashinta. Wani lissafin kwamfuta na Garry Clarke da abokansa ya ba da kusan kubik mita miliyan biyar a daƙiƙa, na tsawon wata shida.

Illar wannan ambaliya ta wuce inda ruwanta ya kai. A tekun Atlantika akwai wata babbar igiya mai ɗaukar ruwan ɗumi daga tsakiyar duniya zuwa arewa. Can yakan huce, gishirinsa ya sa ya yi nauyi, ya nutse, ya dawo kudu ta ƙasa. Ruwan daɗi ba shi da wannan nauyi. Da ya malale a saman teku, sai nutsewar ta ragu, igiyar ta yi sanyin gudu. Ƙanƙarar da aka haƙo daga Girinland, wadda ke adana tarihin yanayi shekara bisa shekara, ta nuna cewa kimanin shekaru 8,200 da suka wuce zafi ya faɗi da kusan digiri uku cikin 'yan shekaru, kuma sanyin ya ɗauki kusan shekara 160. Alamar ta fito fili har a 2018 hukumar duniya mai tsara zamunan ƙasa ta ɗauke ta a matsayin iyaka tsakanin kashi na farko da na biyu na zamanin da muke ciki.

Idan arewacin Atlantika ya huce, layin ruwan saman da ke hawowa arewa kowace damina yakan tsaya a kudu. A wancan zamani Sahara koriya ce, tafkin Chadi kuwa ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000. Lakar tafkunan Afirka da dama ta nuna raguwar ruwa a daidai wannan lokaci. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, Paul Sereno da tawagarsa sun tono wata maƙabarta mai kusan kabari 200 a bakin wani tsohon tafki. Rahotonsu na 2008 ya nuna cewa masunta da mafarauta sun zauna a wurin daga wajen shekara ta 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan fari ya kore su, wurin ya zama kufai na kusan shekara dubu kafin wasu mutanen daban su zo. Farkon wannan fari ya zo daidai da sanyin da ƙanƙarar Girinland ta rubuta. Ya kuma daɗe fiye da shi nesa ba kusa ba, abin da ke nuna cewa akwai wasu dalilan da suka taru a kai. Amma ruwan da ya ɓalle a Kanada yana cikin lissafin.

Abin da ya shafe mu

Babu tafki irin Agassiz a duniyar yau. Ƙananan 'yan'uwansa dai suna ƙaruwa a tsaunuka, yayin da ƙanƙara ke ja da baya. A watan Oktoban 2023, tafkin South Lhonak da ke jihar Sikkim ta Indiya ya ɓalle cikin dare, ya rusa madatsar wutar lantarki ta Teesta III, ya hallaka mutane da dama. Wani bincike da aka wallafa a wannan shekarar ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 15 ne ke zaune a hanyar irin wannan ambaliya, fiye da rabinsu a Indiya da Pakistan da Peru da Sin.

Ga mazauna Sahel, darasin yana ga igiyar Atlantika. Girinland tana asarar ƙanƙara fiye da tan biliyan 200 a shekara, a matsakaicin lissafi, kuma ruwan yana zuba ne kusa da wuraren da igiyar ke nutsewa. Wannan zuba ce ta sannu, ba ɓallewa ba, kuma masana suna ta muhawara a kan yawan raunin da za ta jawo da lokacinsa. Abin da ya faru shekaru 8,200 da suka wuce shi ne gwaji mafi kusa da muke da shi: an san kimanin ruwan da ya zuba, an san lokacin, an san sanyin da ya biyo baya. Masu ƙera manhajojin hasashen yanayi suna gwada su a kansa, domin manhajar da ta kasa maimaita abin da ya riga ya faru ba za a dogara da ita kan damina mai zuwa ba. Ta wannan hanya jar lakar mashigin Hudson take shiga lissafin manomin gero a Maraɗi da Katsina.

Lyell bai yi kuskure ba da ya ce sannu a hankali ake sassaƙa duniya, domin sannu a hankali tafkunan suka cika. Abin da magadansa suka ƙi gani shi ne cewa taruwar sannu tana iya ƙarewa da ɓallewar dare ɗaya. Zuwa yanzu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gindin teku kawai aka zana da na'urorin zamani. Sauran kashi ukun suna jiran jirgi.